Ko gwajin tsohon baƙin mai zai ba da damar tsawaita juye a motar da ta ci hanya?

Wani Alhaji mai motocin haya a Garwa ta arewacin Kamaru ne ya aiko da wannan tambaya. Yana da Hiace uku masu injin gazuwal samfurin 5L da ke jigilar fasinja tsakanin Garwa da Marwa, kowacce ta haura kilomita 400,000, kuma yana yi musu juye a duk kilomita 5,000. Wani mai sayar da baƙin mai ya ce masa idan ya koma amfani da man sintetik zai iya kai kilomita 15,000 kafin juye, sannan ya ji cewa akwai ɗakunan gwaji da ke duba tsohon mai su faɗi ko da sauran aiki a jikinsa. Yana son ya san ko gwajin ya cancanci kuɗinsa, da kuma iyakar tazarar da zai iya ƙarawa ba tare da ya kashe injunansa ba.

Alhaji, ranka ya daɗe, gwajin yana da amfani ƙwarai, kuma ina ba ka shawarar ka yi shi, amma kada ka shige shi da niyyar kaiwa kilomita 15,000, domin inji irin naka a ƙasa irin tamu ba zai ɗauki wannan tazara ba, ko da wane irin mai aka zuba masa. Abin da nake ganin zai yiwu, idan sakamakon ya yi kyau, shi ne ka tashi daga 5,000 zuwa 7,000 ko 7,500, mataki bayan mataki. Babbar ribar da za ka samu kuwa tana wajen gano ƙura ko gazuwal ko ruwan da ke shiga cikin man tun kafin su cinye injin.

Maganar mai sayar da man tana da tushe, sai dai tushen nata yana wata ƙasa. Tazarar kilomita 15,000 zuwa 30,000 da ake gani a littattafan motocin Turai an tsara ta ne don sababbin injuna masu sarrafa feshin mai da kwamfuta, a kan hanyoyi marasa ƙura, da gazuwal ɗin da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, wanda shi ne ƙa'idar Tarayyar Turai tun 2009. Injin 5L tsohon tsari ne da ke fesa gazuwal a wani ɗan ɗaki na gefe kafin wutar ta faɗa kan fistin, kuma irin wannan inji yana zuba kunkunniya mai yawa a cikin mai ko yana sabo. Man sintetik ya fi man gargajiya jure zafi, wannan gaskiya ne, amma a injinka ba zafi kaɗai ke kashe mai ba, dattin da ke taruwa a cikinsa ne ke riga kashe shi, kuma mai tsada da mai arha duka suna ɗaukar datti daidai wa daida. Inji mai kilomita 400,000 kuma ringinsa sun riga sun saki, don haka hayaƙin ƙonewa yana ratsawa ta gefen fistin ya sauka cikin tukunyar mai fiye da yadda yake yi a sabon inji, yana ɗauke da kunkunniya da asid da ɗanyen gazuwal.

Littafin kusan kowace mota yana da jadawali biyu, na aikin yau da kullum da na aiki mai tsanani, kuma na biyun yakan rage tazarar zuwa kusan rabi. Sharuɗɗan aiki mai tsanani su ne ƙura, da zafi, da lodi mai nauyi, da barin inji yana aiki mota tana tsaye, kuma motar haya a arewacin Kamaru ta haɗa su duka. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, kuma ƙa'idar da masana mai suke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 a zafin mai yana ninka saurin lalacewarsa. Tsayuwar da direba yake yi a tasha da shingen bincike inji yana kunne ba ta shiga lissafin kilomita, alhali wasu masu ƙera motoci suna lissafa awa ɗaya ta irin wannan tsayuwa daidai da tafiyar kilomita 40 ko fiye. Wato 5,000 ɗin da kake yi yanzu ba ɓarnar kuɗi ba ce.

Gwajin kansa tsohuwar dabara ce, kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka ne suka fara amfani da ita a shekarun 1940 don kula da injunansu na gazuwal. Ana ɗibar mai kamar mililita 100 a aika ɗakin gwaji, su kuma su auna lafiyar man, da abubuwan da suka kutsa cikinsa daga waje, da ɓarɓashin ƙarfen da injin ya zubar, wanda ake lissafawa da ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Kowane ƙarfe yana nuna inda ya fito. Baƙin ƙarfe yana fitowa daga bangon silinda da ƙaranshaf da kamshaf, kuromiyam daga ringi, alminiyam daga fistin, dalma da jan ƙarfe da kuza kuma daga metal ɗin da ƙaranshaf ke juyawa a kai. Idan dalma ta fara hawa, metal ne ke ci, kuma canza shi a wannan lokaci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba da jiran ranar da injin zai buga a tsakiyar hanya da fasinja a ciki.

A wurinmu layin da na fi dubawa a takardar sakamako shi ne na silikon, domin shi ne shaidar ƙura. Hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, wurin da masana suka ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura, sannan ga ƙurar hanyoyinmu da kowa ya sani. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri, kuma idan ta gauraya da mai sai ta yi wa ringi da silinda abin da yashi ke yi wa gindin tukunya idan ana goge ta. Sabon mai yakan zo da ɗan silikon kaɗan na maganin kumfa, kuma ɗakunan gwaji da yawa suna fara jan kunne idan adadin ya haura ppm 20 zuwa 25. Idan silikon ya hau tare da alminiyam da baƙin ƙarfe da kuromiyam, to ƙura ce ba shakka. Idan kuwa ya hau shi kaɗai bayan an buɗe inji an shafa gam a gasket, gam ɗin ne, kuma zai sauka da kansa bayan juye ɗaya ko biyu.

Ba sai ka jira ɗakin gwaji ba kafin ka duba wannan. Ka sa a kwance bututun da ke tsakanin iyakilina, wato gidan filtar iska, da inji, ka zura farin ƙyalle ka shafi cikinsa. Ya kamata ya fito fes. Idan ya fito da jan gari, ko ka ga wani siririn layin ƙura ya bi gefe ɗaya na bututun, to ko takardar filta ta yage, ko robar bakinta ba ta zauna ba, ko bututun ya tsage a wajen ɗauri. Al'adar da yaran gareji suke da ita ta hura filtar iska da kwamfiresa mai ƙarfi tana huda takardar da ƙananan ramukan da ido ba ya gani sai an haska fitila daga ciki a wuri mai duhu. Ina jin takaicin wannan al'ada, domin mai mota yana ganin an yi masa hidima, alhali an buɗe wa yashi ƙofa. Motar da ƙura ke shigarta ba a maganar tsawaita mata juye, gyaran hanyar iska ake fara yi.

Abu na biyu shi ne TBN, wato ma'aunin sinadarin da ke cikin mai mai kashe kaifin asid. Farar wutar da ke cikin gazuwal idan ta ƙone ta haɗu da tururin ruwa sai ta zama asid, wanda ke cin metal da bangon silinda, shi ya sa ake zuba wa man inji sinadaran da za su yi ta kashe shi har su ƙare. Sabon man gazuwal 15W-40 mai kyau yakan fara da TBN wajen 10, kuma ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a juye shi idan adadin ya sauka zuwa rabin na farko. Saurin saukarsa ya dogara da gazuwal ɗin da ake sha. Tun gobarar da ta tsayar da matatar SONARA ta Limbe a watan Mayun 2019 Kamaru take shigo da tataccen mai daga waje, ga kuma na bakin hanya da ake tsallakowa da shi ta kan iyaka, wanda direba zai iya saya ba da saninka ba. Binciken da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta wallafa a 2016 kan man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas ya samu gazuwal a Mali mai farar wuta kashi 3,780 cikin miliyan, ninki 378 na ƙa'idar Turai. Saboda haka ga injinka na fi son mai wanda alamar ingancinsa da ke jikin galan ita ce API CI-4 ko CH-4, ko ACEA E7 wanda ƙa'idarsa ta wajabta TBN 9 ko fiye, a kan CJ-4 da CK-4 na 2006 da 2016, waɗanda aka tsara don gazuwal mai ƙarancin farar wuta da motoci masu matatar hayaƙi a salansa.

Sai kaurin mai, wanda ake aunawa a zafin digiri 100. Mai mai lamba 40, kamar 15W-40, dole kaurinsa ya kasance tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. A nan akwai wani tarko da ke kama masu karanta sakamako da gaggawa. Kunkunniya tana ƙara wa mai kauri, gazuwal kuma yana tsinka shi, don haka injin da nozul ɗinsa ke ɗiga yana iya tara duka biyun, ɗaya ya rufe ɗaya, kaurin ya fito daidai alhali man ya lalace ta fuska biyu. Dole ka nemi a auna kunkunniya da gazuwal kowanne daban. Kunkunniya idan ta haura kashi 3 cikin ɗari abin lura ce, haka ma gazuwal idan ya kai kashi 3 zuwa 5, kuma maganinsu yana wajen mai gyaran nozul da famfo. Idan ka taɓa ganin mai yana ƙaruwa a jikin sandar awo maimakon ya ragu, ko ka ji warin gazuwal a jikinta, ba ka bukatar takarda kafin ka san akwai matsala.

Game da ruwan lagireto akwai abin da ya shafe mu musamman. Ɗakunan gwaji suna gane yoyon gasket ɗin kan inji ta hanyar sodiyam da fotasiyam da gilaikol, waɗanda ke cikin ruwan sanyaya inji na kanti. Yawancin motocin hayarmu kuwa ruwan famfo ko na rijiya ake zuba musu, wanda ba shi da gilaikol, sannan ruwan da ya shiga mai yana ƙafewa da zafin doguwar tafiya, ya bar alama kaɗan. Don haka ka rubuta musu irin ruwan da kake zubawa, kuma ka riƙa lura da yawan cikon lagireto da kanka. Da za ka ji shawarata ma, da ka koma ruwan kanti, domin ruwan rijiya yana tara tsatsa da farar ƙasa a cikin inji.

Yanzu ga abin da ya fi rikitar da masu tsofaffin motoci, wato ciko. Tukunyar man Hiace irin taka tana ɗaukar lita shida zuwa bakwai. A ce ɗaya daga cikinsu tana shan lita ɗaya a duk kilomita 1,000, to kafin ta kai 5,000 an yi mata cikon lita huɗu ko biyar na sabon mai. Sakamakonta zai fito da TBN mai kyau da ƙarfe kaɗan, har ka ɗauka ita ce ta fi sauran lafiya, alhali sabon man ne ya tsarma dattin, kuma ita ce ta fi kusa da a sauke mata inji. Sakamakon da ba a haɗa shi da adadin ciko ba yaudara ne. Ka ajiye ɗan littafi a kowace mota, direba ya rubuta rana da kilomita da yawan abin da ya zuba, kuma man ciko ya zama iri ɗaya da na juye.

Haka nan gwaji ɗaya ba ya faɗin komai sosai, jerin gwaje-gwaje a kan mota ɗaya ne ke magana, kuma ana raba adadin ƙarfe da tazarar da man ya yi. Ga misali na lissafi kawai: idan baƙin ƙarfe ya nuna ppm 40 a kilomita 5,000, wato 8 ke nan a kowace dubu. Idan ka tsawaita zuwa 7,500 ya nuna 60, saurin cin bai canza ba, man yana riƙe da aikinsa. Idan kuwa ya nuna 95, ya koma kusan 13 a kowace dubu, alamar cewa a kilomita 2,500 na ƙarshe man ya gaza, sai ka koma baya. Ka sani kuma na'urar da ke auna ƙarfen ba ta ganin ɓarɓashi manya da suka wuce 'yan maikuron kaɗan (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don haka injin da ke gab da bugawa yana iya nuna adadi mai kyau. Shi ya sa nake so a riƙa yanka tsohuwar filtar mai, a buɗe takardarta a rana, a duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a tsakanin ninkinta.

Ɗibar man tana da ladabinta, kuma a nan ne gwaji da yawa ke lalacewa tun kafin ya bar gareji. A ɗiba inji yana da ɗumi, bayan mota ta dawo daga hanya ko ta yi aiki na minti goma sha biyar. A goge gefen noti kafin a kwance shi, a bar na farko ya zuba domin shi ke ɗauke da laka, a tara kwalba a tsakiyar zubar, a rufe nan take. Kwalbar ta zama sabuwa wadda ɗakin gwaji ya bayar, domin gorar ruwa ko ta lemo da aka ɗauraye tana ɓata sakamako, kuma a lokacin hazo kada a bar ta a buɗe ko na minti ɗaya. Da gwajin farko ka haɗa da kwalbar sabon mai daga galan ɗin da kake saya. Wannan zai ba da ma'aunin da za a kwatanta da shi, kuma zai nuna maka ko man na gaske ne, domin man gazuwal na ƙwarai yana ɗauke da zinki sama da ppm 1,000 tare da fosfaras da kalsiyam ko maganiziyam, jabu kuwa yakan zo kusan fanko. Game da inda za ka kai, Caterpillar yana da tsarin gwaji mai suna S.O.S da wakilansa ke gudanarwa, Tractafric ne wakilinsa a Kamaru da Chadi, TotalEnergies kuma yana da nasa mai suna LubAnac, wanda a da ake kira ANAC. Ka tambayi dillalin da kake sayen mai a hannunsa hanyar aikawa da tsawon lokacin da sakamako ke ɗauka, domin motarka tana cin kilomita 2,500 a mako, kuma sakamakon da ya zo bayan wata ɗaya tarihi ne.

Tsakanin gwaji da gwaji akwai dabarar da ba ta cin ko sisi. Ka ɗiga digo ɗaya na mai mai ɗumi daga sandar awo a kan farar takarda mai tsotsa, ka ajiye ta a kwance ta kwana. Mai lafiya yana bazuwa ya yi da'ira mai launin toka wadda duhunta ke raguwa a hankali zuwa gefe. Idan baƙin ya dunƙule a tsakiya da kaifin iyaka, man ya daina riƙe kunkunniya. Idan wani faffaɗan zobe mai haske ya kewaye shi, a zargi gazuwal. Yin haka a duk kilomita 1,000 a jera takardun gefe da gefe yana koya wa ido abubuwa da yawa. Baƙin launi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin man injin gazuwal yana yin baƙi kwana kaɗan bayan juye, kuma hakan aikinsa ne.

Mu zo ga kuɗi. Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 210 ne, zuwa da dawowa 420, kwana shida a mako kuma ya kai 2,500, wato wajen 125,000 a shekara idan mota ta yi aiki mako hamsin. A tazarar 5,000 juye 25 ke nan, a 7,500 kuma wajen 17. Abin da za ka tsira da shi a kowace mota juye takwas ne, lita hamsin da 'yan kai da filta takwas, kuma daga ciki za ka cire kuɗin gwaji da na aikawa. Riba ce, amma ba ta kai kuɗin sauke inji ɗaya da kwanakin da motar za ta yi a gareji ba. Masu manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kusiri da Njamena lissafinsu daban ne, domin injinsu yana ɗaukar lita talatin zuwa arba'in, kuma yawan man yana ba shi damar ɗaukar datti na tsawon lokaci, don haka su ne suka fi cin moriyar tsawaitawa.

Da motocin nawa ne, zan fara da gyara hanyar iska da duba nozul a dukkansu, in zauna a kan mai iri ɗaya da filta ta gaske, domin filtar mai idan ta toshe akwai bawul ɗin da ke buɗewa ya bar mai ya wuce ba tacewa. Sannan in yi gwaji biyu a jere a tazarar 5,000 a kowace mota. Wadda ta nuna ƙura, ko gazuwal, ko dalma tana hawa, ko take shan mai da yawa, ta tsaya a 5,000 har a gyara ta. Wadda ta fito da tsabta a ƙara mata kilomita 1,000 a sake gwadawa, a ci gaba haka har 7,500, a tsaya nan ko da takarda ta nuna da saura, domin jarka ɗaya ta gurɓataccen gazuwal tana iya cinye wannan saura a mako guda. Gwajin tsawaitawar a yi shi a bazara, lokacin da mai ya fi shan wuya, domin tazarar da aka tabbatar da damina ba lallai ta riƙe a watan Afrilu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma, lokacin hazo, zan mayar da su duka 5,000 in ninka duba filtar iska. Bayan tazara ta zauna, gwaji ɗaya a duk juye na uku ya isa, sai kuma duk lokacin da aka canza irin mai, ko aka taɓa famfo da nozul, ko aka ba motar sabon direba.